Orbin Mai Goge da Muryar Delmer

A ƙungiyarmu ba mai taɓa tsirkiyarsa sai Orbin Mullins ya ja baka. Haka na tarar, haka kuma muka ci gaba da yi. Zai ciro gogensa daga akwati, ya share shi da tsumma, ya ɗan karkatar da kai, sannan ya ja sauti ɗaya mai tsawo. Wannan sautin shi ne ma'auninmu. Hargis ya saita gitarsa a kai, ni in saita nawa kayan, Delmer kuma ya yi gyaran murya ya tofar da yawu ta gefen baranda. Na'urar saiti da ake sayarwa a birni ba mu taɓa mallakarta ba, ba mu kuma ga abin da za ta yi mana ba tunda ga Orbin.

Sunan ƙungiyar Samarin Rafin Barewa. A shekarar da abin da zan faɗa ya faru, ƙaramin cikin samarin ya haura hamsin da biyar, ɗaya kuma mace ce, wato ni, Verna Stidham, mai dafa abincin 'yan makaranta. An sha ce mana mu sake suna. Hargis ya ce ai an riga an rubuta shi a ƙofar motarsa, kuma fenti ba kyauta ake ba da shi ba.

An haifi Orbin a 1931 a can saman rafin, a nan gabashin Kentucky, ɗa na bakwai a gidan manomin taba. Yayyensa biyu ramin kwal ya cinye su a rana ɗaya, don haka uwarsa ta rantse ko za su ci ƙasa Orbin ba zai shiga rami ba. Bai kuwa shiga ba. Motar makaranta ya ja shekara talatin da huɗu, kuma duk wanda ya yi karatu a kwarin nan ya san ƙeyar Orbin fiye da fuskarsa. Ban da mota yana da amya goma sha biyu ta ƙudan zuma a bayan gida, da mata mai suna Nola wadda take yin maganar su biyun, domin shi kalma goma tana iya kai shi wuni. Allah bai ba su haihuwa ba. Gogen na kakansa ne, kuma a cikinsa akwai busasshiyar wutsiyar macijin nan mai kacau-kacau, wadda tsofaffi suke jefawa a goge wai tana ƙara masa zaƙi. Na taɓa tambayarsa ko ya yarda da wannan. Ya ce shi dai a ciki ya same ta.

Delmer Tackett kuwa, Allah ya yi masa murya, ya kuma yi masa sanin cewa yana da ita. Siririyar muryar nan ce mai hawa sama wadda mutanenmu suke so, wadda in ta kai ƙololuwa sai ka tuna da duk wanda ka binne. In ya gama waƙa yakan dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya ya ga wa ya yi kuka. Yana da girman kai, yana da saurin fushi, kuma ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra. Ni da shi ba mu taɓa yin mako ba mu yi cacar baki ba.

Su huɗu suka fara a 1957 a barandar Orbin: shi da goge, Delmer da banjo, wani abin kiɗa mai kama da gurmi, da waƙa, Hargis Noble da gita, sai mijina Chester da ƙaton gogen nan mai tsayin mutum wanda ake tsayawa a kaɗa da yatsu, wanda suka laƙaba wa suna Goggo. Kowace Asabar da ƙarfe biyun rana suke haɗuwa. Suna yin bikin aure, da rawar makaranta, da taron 'yan siyasa inda ake soya kifi. Daga baya suka samu minti goma sha biyar a ƙaramin gidan rediyon gundumarmu, wani mai sayar da abincin kaji ya ɗauki nauyi, da buhun abincin kaji kuma yake biyansu. Kajinmu sun yi ƙiba a shekarun nan.

Sau ɗaya tak suka nemi fita duniya. A 1962 suka cusa kansu a motar Hargis, Goggo a ɗaure a saman rufi, suka nufi Nashville, birnin da ake buga faifan waƙa. Wani mai dogon takalmi ya saurare su, ya ce murya yake so, sauran su koma gida. Delmer ya ce masa muryar ba ta san hanya ita kaɗai ba, ya ɗauki hularsa. Ranar Litinin yana cikin rami da fitila a goshi. Wannan labarin mun ji shi daga bakinsa ya fi sau ɗari, kuma kowane karo takalmin mutumin yana ƙara tsawo.

A 1969 bel ɗin da ke jan kwal ya kwashe wa Delmer yatsu biyu na hagu, ya rataye banjo, ya koma waƙa kawai da hannuwa a aljihu. A 1974 rufin rami ya faɗo a kan Chester. Wata uku Goggo tana jingine a lungun ɗakina ba na iya kallonta. Wata Asabar Orbin ya tsaya a ƙofa da hula a hannu, ya ce, "Verna, ba mu da mai riƙe mana ƙasan kiɗa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya ɗauki Goggo ya sa a mota, ni kuma na bi kayana. Da haka na zama saurayi.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya soma ba. Delmer ya fara tari wajen 1978, tarin masu rami, wanda kowa a nan ya san farkonsa ya kuma san ƙarshensa. Amma muryarsa ba ta gaza ba, duk inda ya saba kaiwa yana kaiwa, har mutane suna ta mamaki. Abin da ni na lura da shi a yatsuna ne. Tsirkiyoyin Goggo sun yi laushi. Da, in muka yi awa biyu sai yatsana ya yi bororo, yanzu kuwa ko ja ba ya yi, babbar tsirkiyar har tana ɗan kaɗa katako. Na yi wa Orbin magana, ya ce laima ce. Na ce to. Shekara ta zagayo aka yi fari har rijiyoyi suka ƙafe, tsirkiya tana nan da laushinta, ya ce zafi ne.

Ni ba yarinya ba ce. Wata rana bayan an tashi daga makaranta na shiga ajin da fiyano yake, na riƙe sautin Orbin a kaina, na danna inda ya kamata ya zauna. Bai zauna a nan ba. Sai da na sauko hawa guda cur na same shi.

Na tarar da shi a wajen amyoyinsa yana busa wa ƙudan zuma hayaƙi.

"Orbin, saukar da mu kake yi."

Bai juyo ba.

"Da kai nake, tsoho. Shekara nawa kana murɗa kunnen gogen nan baya kana ce min laima?"

"Kaɗan-kaɗan ne," in ji shi. "Duk sanda na ji yana wahala."

"Ya sani?"

"Ina zai sani? Ba ya riƙe kayan kiɗa. Cocinsu ba a shigar da kiɗa. Abin da na ba shi, shi yake ɗauka."

"Ƙarya ce fa wannan."

Ya ajiye gwangwanin hayaƙin. Wannan ne karo ɗaya da na ji Orbin ya yi dogon zance. Ya ce da Delmer ya zauna a Nashville da yanzu huhunsa fes yake. Ya ce mutum ya bar duniya saboda sautinka, ya koma rami ya shaƙi baƙar ƙura shekara ashirin, sannan kai ka tsaya ka ba shi sautin da zai kunyata shi a gaban jama'a? Ya ce Delmer ba shi da yatsu, Opal matarsa tana kwance ba lafiya, abu ɗaya ya rage masa da yake ɗaga kai da shi.

"In kin ga dama ki faɗa masa," ya ce, ya koma kan zumarsa.

Ban faɗa ba. Na je wa Hargis da maganar a ɓoye, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. "Sai yau kika gane? Ni da nake sayen tsirkiya duk wata biyu, yanzu shekara take yi min ba ta tsinke ba. Wa zai tona wannan?"

Haka muka ci gaba, mu uku muna riƙe da abu ɗaya. Opal ta rasu a 1985, Delmer ya yi mata waƙa a bakin kabari, muryarsa ta kai inda take zuwa. Zuwa 1992 mun sauko hawa ɗaya da rabi. Idan aka gayyace mu inda za a haɗa mu da wasu makaɗa, sai Orbin ya ce zumarsa za ta yi ƙaura ranar. Delmer kuma in ya ji samarin zamani a rediyo yakan ce ihu suke yi, ba waƙa ba. "Ni yadda nake a 1957 haka nake yau," yakan ce. "Ku tambayi Orbin." Orbin ya duƙar da kai yana shafa wa bakansa ƙaro.

A watan Yuni na shekarar aka sa auren Twila, jikar Delmer, wadda shi da Opal suka raina. Ta roƙi kakanta ya yi mata waƙar da ya tsara wa Opal lokacin yana nemanta, waƙar da ta fi duk waƙoƙinsa hawa sama. Wannan ba komai ba ne. Matsalar ita ce a cocin dangin ango za a ɗaura, can garin Elkwood, kuma suna da fiyano, kuma gwaggon ango, Malama Eunice, ta ce ita za ta raka shi. Ta ma sa an rubuta mata waƙar a takarda tun daga tsohon littafin Opal.

Muka zauna mu uku a kicin ɗina. Na ce a roƙi Malama Eunice ta sauko da hannunta ƙasa kaɗan.

"Eunice?" in ji Hargis. "Abin da ke takarda shi take bugawa, ko ƙuda ne ya yi kashi a kai sai ta buga shi. Kuma in kin faɗa mata da safe, kafin azahar an ji har a jihar Ohio."

"To a ce fiyanon ya lalace."

"Su aro wani."

Orbin yana ta juya kofinsa. Can ya ce, "Fiyano ma ai tsirkiya ce a ciki."

Muka dube shi.

"Orbin," na ce, "ɗari biyu da wani abu ne."

"Yau Talata," in ji shi.

Hargis ne yake yanke ciyawar cocin nan, don haka yana da mabuɗi. Ya ɗauko sifanar mota ya yi ta gurza ta da zarto har ta kama kan kusoshin fiyanon. Ranar Alhamis da sassafe suka buɗe cikinsa. Hargis yana danna, Orbin yana murɗawa da kunne a jingine da katako, ɗaya bayan ɗaya. Ni aikina gadi. Na zauna a matakalar coci da tukunyar wake da wainar masara, ina ɓarar koren wake a cinya kamar wadda ba ta da gida. Duk wanda ya san fiyano zai ce maka ba a yin haka, in ka sassauta gefe ɗaya sai ɗayan ya motsa, kuma haka aka yi. Abin da suka gyara da safe, da rana ya goce. Sau uku Orbin ya bi ta kansa daga farko har ƙarshe.

Ranar Juma'a faston cocin ya tsaya da mota.

"'Yar'uwa Verna, lafiya? Me nake ji a ciki?"

"Ɓera ne, Fasto. Ya shiga fiyano, su Hargis suna neman sa kafin biki."

"Ɓera ne yake buga sauti ɗaya sau ashirin?"

"Tsorata shi suke yi."

Ya yi mana godiya ya tafi. Allah ya yafe min, a ƙofar ɗakinsa na yi ta.

Ranar Asabar coci ya cika. Malama Eunice ta zauna, ta gyara tabarau, ta danna. Na ga ta ɗan yamutsa fuska, ta dubi takarda, ta dubi yatsunta, sannan ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba. Delmer ya tashi cikin baƙar kwat ɗinsa, hannuwa a aljihu. Ya doso wurin hawan nan. Ya hau, ya zauna a kai, ya riƙe shi har sai da Twila ta sa fuska a cikin furanninta. Yana gamawa ya bi dangin ango da kallo ɗaya bayan ɗaya. Orbin yana kujerar baya, tafin hannunsa duk ya ɗaye, ko bakan goge bai iya riƙewa sosai ba da muka yi kiɗa a wajen cin abinci. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki kamar ranar ba, ko da yake wanda bai san shi ba zai ce barci yake ji.

Washegari, aka ce, tsofaffin matan cocin sun yi waƙar da rabonsu da ita tun suna amare, don fiyanon ya sauko daidai muryarsu. Har fasto ya yi wa'azi a kan haka.

Niyyarmu mu koma mu mai da shi yadda yake, amma hannun Orbin bai warke ba, sannan aka shiga yankan ciyawar dabbobi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kafin mako uku fiyanon ya fara tsami, kowace tsirkiya ta kama gabanta, aka ɗauko mai gyara daga babban gari. Da ya gama ya tsaya a shagon bakin gada shan lemo, inda tsofaffi suke zama a benci, kuma Delmer yana cikinsu.

"Shekara talatin ina wannan aiki," in ji mai gyaran, "ban taɓa ganin irin wannan ba. Wani ya sauke fiyanon nan gaba ɗaya hawa ɗaya da rabi, da sifanar mota, ga shaidar haƙoranta a kusoshi. Ko wane ne, yana da kunnen da ban da shi, kuma ba shi da hankali ko kaɗan."

Aka yi dariya. Aka ce Delmer bai yi ba.

Da hantsi ya shigo kicin ɗina, ina cika kwalabe da tumatir. Bai zauna ba.

"Verna, ke ba kya iya ƙarya in an dube ki. Dube ni."

Na dube shi.

"Fiyanon kawai, ko har da mu?"

"Har da mu."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Opal ta kwanta."

Ya dafa bayan kujera da hannun nan mai yatsu uku. "A bakin kabarinta ma?"

"Delmer, ka yi mata waƙa mai kyau."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Har a nan."

Ya daɗe yana kallon kwalaben. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya masa, domin faɗansa na san yadda ake yi da shi. Sai ya ce a hankali, "Shekara goma sha huɗu ina cika baki, ku uku kuna tsaye a bayana." Ya fita, ya ja min ƙofa kamar baƙo. Tausayinsa ya kama ni har na kasa ƙarasa aikin, tumatir ɗin ya lalace.

Ya haɗu da Orbin sau ɗaya a gidan waya, Nola ce ta ba ni labari. Delmer ya ce, "Ka mai da ni abin dariya." Orbin ya ce, "Ba wanda ya yi dariya." Delmer ya ce, "Ai gara da kun yi." Daga nan bai ƙara yi masa magana ba, bai kuma ƙara waƙa ba, ko a cocinsu. Twila ta ce ko a bayan gida ba a jin ɗuriyarsa, shi da yake tashe su da waƙa kafin zakara.

Orbin bai fasa Asabar ko ɗaya ba. Ƙarfe biyu yana baranda, in sanyi ya yi yawa mu koma gefen murhu. Mukan buga waƙoƙin mu uku, in an zo inda murya take shiga sai ya rage sautin gogensa kamar yadda ya saba, mu yi ta tafiya da rami a tsakiya. Gidan rediyo suka ba wasu lokacinmu. Wani ƙanin matar Hargis mai murya ba laifi ya ce zai shigo, Orbin ya ce ba a neman ma'aikaci. Hargis ya ce to tunda asiri ya tonu a mai da saiti inda duniya take, Orbin ya yi kamar da bango ake. Ya rame a hunturun nan. Nola ta ce yakan zauna da goge a cinya ba ya bugawa.

A watan Fabrairu haƙurina ya ƙare. Na dafa miyar kaza na hau wajen Delmer, na dire masa tukunya a tebur.

"Ci, ka ji ƙarfin yin fushi."

"Ban aike ki ba."

"Ba ka aike ni ba, kuma ba za ka kore ni ba. Kai ne mutum na farko da ya tsufa a gundumar nan? Ni haƙorana nawa ne nawa? Hargis da me yake ganin hanya? Mutum ya ɗaye hannunsa a kan tsirkiya ɗari biyu don kada ka ji kunya a gaban surukai, kai kana nan kana kumbura kamar kwaɗo."

"Ban roƙe shi tausayi ba."

"Ba tausayi ba ne, wawan tsoho. Gani yake shi ya sa ka a rami. Gani yake saboda shi ka baro Nashville."

Na yi wa kaina alkawarin ba zan faɗi wannan ba, amma ya riga ya fita. Delmer ya ajiye cokali. Tari ya taso masa, na jira ya lafa.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce, a gaban zumarsa."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Verna, tsoro na ji. Mai dogon takalmin nan yana cewa in zauna ni kaɗai. Na leƙa taga na ga motoci, na ce ina ni ina nan. Maganar murya ba ta san hanya ba, a bakin ƙofa ta zo min, na ga ta yi kyau na riƙe ta." Ya share baki. "Kada ki faɗa masa."

"Na gaji da dakon asirin tsofaffi," na ce. "In kana so ya sani, ka san gidansa. In ba ka so, nan ma ka san gidansa."

Na ɗauki murfin tukunyata na bar masa sauran. Fabrairu ya wuce, Maris ya wuce, ba labari. Na fara cewa a raina na ɓata abin da ya rage.

Asabar ta biyu a Afrilu muna baranda, Hargis yana ba da labarin wata saniya da ta shiga masa lambu, sai ya yi shiru a tsakiya. Delmer ne yake hawowa ta hanyar rafi, a ƙasa. Tsakanin gada da gidan Orbin ba nisa, amma sau uku ya tsaya ya dafa shinge. Ba wanda ya tashi ya tare shi, mun san halinsa. Nola ta leƙo ta koma, ta fito da kofi na huɗu ta ajiye a kan dogarin baranda.

Ya hau matakala, ya tsaya inda yake tsayawa. Sai da numfashinsa ya dawo ya ce, "Hargis, har yanzu saniyar nan ce? Tun bara take cin lambun nan."

"Wata ce daban, Delmer."

"Verna, miyarki gishiri ya yi yawa."

"Ka dawo min da tukunyata."

Bai dubi Orbin ba, Orbin ma bai dube shi ba. Orbin ya ɗaga goge ya sa a haɓa, ya ja sautin, wanda muka tsaya a kai tun bara. Delmer ya saurara. Ya buɗe baki ya gwada wurin hawan waƙar Opal a hankali, muryar ta tsage tun kafin ta kai. Wata tara ba a taɓa ta ba, ƙura kuma ba ta huta ba. Na ga wuyansa ya yi ja, na ce shi ke nan, yanzu zai juya.

"Ya yi sama," ya ce.

Orbin ya sauke baka.

"Da kai nake, Orbin. Ya yi min sama. Sauke shi."

Orbin ya kai hannu kan kunnen gogen. Shekara goma sha huɗu yana yin wannan a ɓoye cikin ɗaki kafin mu iso, yau ga shi zai yi a gaban mai shi. Ya murɗa, ya ja.

"Ƙara."

Ya ƙara.

Delmer ya rufe ido ya bi sautin, ya hau a hankali, ya kai, ya zauna. Ba muryar 1957 ba ce, ta yi kauri, tana da tsakuwa a ciki. Ya buɗe ido, a karo na farko ya dubi Orbin.

"Nan nake yanzu," ya ce. "In na ƙara sauka, ni zan faɗa maka."

"To," in ji Orbin.

Ni da Hargis muka sassauta namu, muka sauko muka same su.